Masta Evans da Lambobin Ram

Masta Evans mutumin kudu ne. Aikin koyarwa ya kawo shi Tamale tun yana saurayi, ya koyar da gyaran kayan lantarki har ya yi ritaya, bai kuma koma gida ba. Ya buɗe ɗan shago a unguwar Zogbeli yana gyaran kwamfuta. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Da girma ya zo, idonsa ya soma hazo, ƙananan rubutu suka gagare shi, masu kawo aiki suka ja baya.

Ana haka Kadiatu ta shigo shagon da kwamfuta a bayan babur. Iyayenta makiyaya ne a bayan gari, ita kuma bidiyo take haɗawa kan ciwon shanu da tsabtar nono, tana tura wa matan rugage ta waya. Kwamfutar ta gwanjo ce, bidiyo ɗaya sai ya cinye mata wuni. Sayarwa ta zo yi.

Masta ya sa ta karanta masa abin da ke jikin ram, wato sandunan da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a cikinsu. Da ya ji, ya ce ƙarfinsu ya fi yadda aka saita su, kada ta yi gaggawa.

"Ni ido babu," in ji shi. "Kai zauna, kai karanta, ni faɗa."

Ya nuna mata maɓallin da ake dannawa da zarar an kunna, ta shiga BIOS, shafin da ake saita injin kafin komai ya tashi. Akwai wasu lambobi a jere. Ya ce kowace tana nuna ɗan jiran da ram ke yi kafin ya amsa. In an rage, aiki ya yi sauri, in an wuce gona da iri, ya rikice. Suka fara ɗaga gudunsa zuwa abin da ke rubuce a jikinsa, sannan suka riƙa rage lamba ɗaya, su gwada.

Da ta ga canji sai ta rage biyu lokaci guda ba ta faɗa masa ba. Allon ya yi baƙi ƙirin. Ga shi aikin da ta sha wahalar ɗauka yana ciki. Masta bai yi faɗa ba. Ya lalubo ƙaramin batir mai kama da kwabo, ya sa ta cire, suka ɗan jira, ta mayar. Kwamfutar ta tashi, suka sake daga farko. A ƙarshe ma ya ce ta sassauta lamba ɗaya, saboda abin da ya tsaya da sanyin safiya ba lallai ya jure zafin Maris ba.

Kwamfutar ba ta zama sabuwa ba, amma bidiyo ya daina tsayawa, kuma kafin azahar take gamawa. Kadiatu ta ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," ya amsa da amin irin ta coci.

Tun daga nan takan zo ranar Asabar da ƙwaryar kindirmo, ta karanta masa allon kwamfutocin da aka kawo. Aiki ya dawo shagon. Da aka yi masa aikin ido bara, ita ta raka shi asibiti tare da matarsa Efua. Yanzu yana gani sosai, amma bai ce ta daina zuwa ba.