Tsutsar Tsamiya da Laifin da Aka Ɗora wa Yayana

Mun tashi da asuba daga Jiratawa, ni da maƙwabcina, jaki ɗaya tsakaninmu. Na riƙo ƙaramin gora cike da busassun tsutsotsin tsamiya, masu saƙa gidan da mata ke kaɗa zarensa don aikin riga. Bana sun yi baƙi sun zube kafin su saƙa komai. Mutanen garinmu suka ce yayana ne sila, don ya saro wa awakinsa reshen tsamiya bai roƙi iskokin itacen ba. Ya rasu da kaka, maganar tana kansa.

Hanyar gulbi yashi ce zalla, jakin kuma ya fi mu sanin inda ake hutawa. Da hantsi muka hau tudun Maraɗi, motocin gyaɗa na ta gurnani. Muka biya tamma biyu muka sha fura, wadda ruwa ya fi gero yawa a cikinta.

A biron noma, wato ofishin, ba mu iske Nasaran da ke riƙe da shi ba, sai malaminsa, wani Badamagare mai haƙuri. Ya murje tsutsa ɗaya cikin ɗigon ruwa, ya sa ƙarƙashin madubin likita. Na leƙa. Wasu 'yan ƙwayoyi ne farare masu ƙyalli, ba su ƙirguwa. Ya ce cuta ce mai rai, tana zama cikin tsutsa, uwa ta ba ƙwanta, ganye ya kai ta bakin wata. "Gatari bai kawo ta ba, malam. Ku ƙone matattun kawai."

Washegari muka wuce Tsibiri, inda yayana bai taɓa sare ko kara ba. Wata tsohuwa mai kaɗi ta ba mu dafaffen wake. "Ɗana, namu ma sun mutu. Har jan zakara mun yanka, mu dai munka ci nama."

Da muka dawo, maƙwabcina ya shaida a dandali. Wasu suka yarda, wasu suka ce iskoki ma suna iya aiko ƙaramin abu. Ban yi gardama ba. Na dai koyi cewa abin da ido bai gani ba, wuyan mutum ake rataya wa.

Matar yayana tana takaba. Ta bayan zana na gaya mata.

"Ka gani da idonka?"

"Na gani."

Ta ce, "To, ka je kushewarsa ka faɗa mashi. Ya tahi yana zaton shi ne."