Tafin Inna a gindin rumbu

Babanmu bai taɓa ba ni kunya irin ta ranar da muka je sayen tocila a kasuwar Talata Mafara ba. A lokacin an ce mu tashi daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun, ruwan dam ɗin Bakolori zai cinye shi, har mun kwashe hatsi.

Ni ina da iyali a lokacin, na san abin da gida ke buƙata: tocila mai batir biyu, wadda ake samun ƙwanta ko'ina. Baba ya ce a'a, sai mai batir uku. Kowace aka miƙo sai ya cusa kai cikin babbar rigarsa ya kunna, ya fito yana tsaki.

"Wagga ba ta da haske. Kawo wata."

Haka ya bi tebur huɗu! Wani mai kaya ya ce, "Baba, rana kake son saye?" Wallahi raina ya ɓaci. Na biya kuɗin tocila mafi girma, na ja Baba muka tafi.

Sai a hanya ya gaya mini dalili. Shekarar da ya gina rumbunmu, Inna tana amarya, ta danna tafin hannunta a ɗanyen laka daga ciki, can ƙasa, don ta tsokane shi. Hatsi ke rufe wurin, ba a ganinsa sai rumbu ya ƙare. Inna ta rasu da daɗewa, ba ta bar ko hoto ba. So yake ya ga tafin kafin ruwa ya zo.

Washegari da hantsi na kafa tsani, na taimaka masa muka shiga. Ya kunna tocila. Haske ya faɗa daidai kan tafin, yatsu biyar, har da alamar zobe. Baba ya wuce shi da hasken, ya dawo, ya sake wucewa.

"Ka gani ko? Sun cuce mu. Ba ta da haske."

A nan na gane ba tocilolin ne ba su da haske ba, idanunsa ne suka tafi. Na kama hannunsa na ɗora a wurin. Ya daɗe bai ɗauke ba.

"Ashe ƙarami ne haka," in ji shi.

Yau rumbun yana ƙarƙashin ruwa. Ina kewarsu su biyun, kuma har gobe ina jin ciwon yadda na ja shi a kasuwa.