Kwana Uku Yaya Rabi Ta Sha Maganin

Ina kakkaɓe shimfiɗar yayata Rabi yau da safe, sai ga maganin ciwon damuwarta a ƙarƙashin filo. Ashe kwana uku kacal ta sha.

"Yaya, don me kika daina?"

"Ko na zazzaɓi kwana uku ne. Wannan ban ji komai ba."

Na sake maimaita mata bayanin likita: maganin yana ƙara wa sinadarin da ke kai saƙo a cikin ƙwaƙwalwa ƙarfi ne a hankali, sai an yi makonni kafin a ji sauƙi.

Ta juya wa bango fuska. "Makonni? Yinin yau ma da ƙyar."

Wallahi na gaji, amma na tashi na ɗebo mata ruwa.

Masu jinya, wace amsa kuke bayarwa a nan?