Ranar da Baffa Ya Ari Kekena

Shekarar da man fetur ya gagare mu na jingine babur ɗina, na shiga Kano na sayo keken gwanjo, irin mai kaurin tayar nan da aka yi don hawa da gangare. Ina koyarwa a wata firamare gaba da ƙauyenmu a yankin Fulatan, hanyar kuwa duk kwazazzabai ce. Birkinsa ne ya fi burge ni. Babu sanda babu waya, mai ne a cikin siririn tiyo. Ka taɓa hannun birki da yatsa ɗaya, ya damƙe faifan ƙarfen da ke tsakiyar taya, keke ya tsaya cak.

Baffa, ƙanin mahaifina, shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Yana da baƙin kekensa mai birkin sanda wanda ya girme ni. Ranar da na kawo nawa ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "To Malam, ka gudu daga mai shan mai, ka kwaso wani mai shan mai." Tun daga nan kullum da safe bayan mun gaisa sai ya ƙara da, "Yaya keken?" yana murmushi. Ni kuwa ina da zuciya, ba na son a yi min dariya. Kullum amsata ɗaya ce: lafiya lau.

Birkin gaba ne ya fara mutuwa. Ban gaya wa kowa ba, na ci gaba da hawa da na baya. Da damina ta yi tsakiya na bayan ma ya fara yoyo daga inda tiyo ya shiga kan birkin. Mai ya jiƙa faifai, in na matsa sai ya yi ƙara kamar an taka ɗan kwikwiyo, keken kuma ya ci gaba da tafiyarsa.

Ranar kasuwar Karaye na tashi da niyyar gyara. Bayan sallar asuba na shigar da keken zaure, na kwance notin tiyon, na tsiyaye ragowar man a gwangwani, na mayar da tiyon wurinsa don kada ƙasa ta shiga. Wanda ya kalle shi ba zai ga komai ba. Ina goge hannu Baffa ya shigo daga masallaci. Muka gaisa, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, sannan ya dubi keken.

"Yaya keken?"

Tsumman yana hannuna, gwangwanin yana bayan ƙafata. Na ce, "Lafiya lau, Baffa."

A Karaye na samu wani mai gyaran keke da ya taɓa aiki a Kano. Ya ba ni ɗan zoben tagulla da ake sa wa a bakin tiyo, ya ce shi ne ya tsage. Ya ja min kunne kada in kuskura in zuba man birkin mota, zai cinye robobin ciki, in nemi farin man keken ɗinki. Na sayi man, na biya kemis na sayi sirinji da robar ƙarin ruwa. Na tsaya na ci tsire, na yi hira da abokai. Har yau in na tuna tsiren nan raina yana ɓaci.

Bayan azahar na dawo. Zaure wayam, sai baƙin keken Baffa a jingine, tayar baya a kwance.

Na faɗa cikin gida. Inna, mahaifiyata, tana tankaɗe.

"Inna, ina kekena?"

"Baffanka ya ɗauka. Nasa ya yi faci, aka aiko masa daga ruga cewa saniyarsa ta kasa tashi."

"Yaushe?"

"Yanzun nan. Ko sallama ba ka yi ba, lafiya?"

A gidanmu ba a tambayar aro. Fartanya, tsani, keke, duk abin da ke zaure na gida ne, balle Baffa ya nemi izinin yaron da ya goya. Na san haka tun ina ƙarami. Na kuma san hanyar rugar. Daga bayan gari shimfiɗaɗɗiya ce, mutum ba ya bukatar birki, har sai ya kai gangaren rafi. Gangaren dogo ne, jar ƙasa da tsakuwa, a ƙarshensa hanya ta karya kwana ta hau wata 'yar kwalbati marar shinge. A lokacin rafin a cike yake.

Na kira wayarsa. Na ji tana ƙara a ɗakinsa, a kan buzu.

Babur ɗina ko ɗigon mai babu. Na fita da gudu, ledar kayan gyara tana hannuna, ban ma san ina riƙe da ita ba. A bakin masallaci na samu maƙwabcinmu zai tayar da nasa babur. Na haye bayansa na ce, "Gangaren rafi, don Allah, Baffa ne!" Bai tambaye ni komai ba, ya ja.

Sawun tayar yana nan a kan damshin hanya, mai ƙurajen nan da babu irinsa a duk ƙauyen. Ina binsa da ido ina lissafi. Dattijo ne, ba ya gudu. Wataƙila ya tsaya gaisawa da masu noma. Wataƙila ya gwada birkin tun a gari ya ji babu. Amma na san Baffa, ba ya taɓa birki sai ya ga dalili, cewa yake yi yawan matsawa ne ke cinye roba. Kuma a kekensa in birki ya lalace ana gani, sandar tana reto. Wannan kuwa hannayen birkinsa biyu suna nan ƙyal-ƙyal kamar sababbi.

Muka wuce wani mai turin garma, na ɗaga murya na tambaye shi. Ya nuna gaba da haɓa, ya ce, "Yanzu ya wuce." Salati kawai nake yi, ban san adadi ba.

Da muka kai kan gangaren na ce a tsaya. Sawun ya miƙe ƙasa sambal. Can tsakiya sai ga wasu layuka biyu a gefensa, inda ya sa ƙafafu yana jan ƙasa. Takalminsa ɗaya yana kwance a wurin. Daga nan sawun ya bar hanya tun kafin kwanar, ya yanka dama ya shiga gonar dawa.

A kan kwalbatin akwai ƙwaryar nono biyu a ajiye. Matan da suka ɗauko su, su uku daga rugar, suna cikin gonar, ɗaya tana kuka.

Baffa yana zaune a kan kunya, ya jingina da kututturen da ya tare shi. Hularsa ta faɗi, goshinsa yana jini, ya tallafe hannun dama da na hagu. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Babbar cikin matan ta ce suna tsakiyar kwalbatin da kaya a ka suka ji yana ihu su kauce, babu kuma wurin kaucewa sai ruwa. Sai kawai suka ga ya karya kan keken ya faɗa dawa.

Mutane suka fara taruwa daga gonaki. Wani ya tambaya me ya faru. Baffa ya ce, "Tsufa ne. Hannuna ne ya kasa matse birkin zamani."

Bai kalle ni ba da ya faɗa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Na durƙusa a gabansa, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ba hannunka ba ne, Baffa. Babu mai a ciki. Ni na tsiyaye shi da safe, ka tambaye ni na ce lafiya."

Ya ce, "Na sani. Da na matsa na ji ya tafi har ƙarshe babu komai na gane. Tashi ka nemo min takalmina, kana tara min jama'a."

Aka kai shi wurin mai ɗori, daga baya muka je asibiti. Saniyar ta tashi da kanta washegari.

Kwana goma keken yana zaure ban taɓa shi ba, ko kallonsa ba na son yi. A rana ta sha ɗaya Baffa ya fito da hannu a ɗaure da karare, ya zauna a kan tabarma, ya ce in ɗauko ledar nan. Na ce na fasa, sayar da shi zan yi. Ya ce, "Ka sayar wa wa? Shi ma ka ce masa lafiya lau?"

Na yanke bakin tiyon da reza, na sa sabon zoben, na ɗaure notin. Na wanke faifan da omo, na goge takalman birkin da ƙasa mai laushi har man ya fita. Na cika sirinji, na haɗa robar a ƙasa, na fara tura mai sama a hankali. Aikin yana son mutum biyu, ɗaya yana turawa ɗaya yana matsa hannun birki don iska ta fita. Baffa ya matso ya kama da hannun hagu. Ƙananan kumfa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ya matsa, ya saki, ya matsa, yana cewa, "Har yanzu lagwani ne." Can sai ya sake matsawa, ya ce, "Yauwa. Ya kama." Muka yi wa na gaba haka.

Hannun Baffa ya warke, amma yatsunsa ba su ƙara rufewa sosai ba. Ba ya iya damƙar kan keke. Baƙin kekensa yana rataye a zaure, facin nan ma ba a yi ba, ruga kuwa da ƙafa yake zuwa ko in kai shi. Bai taɓa tayar min da maganar ba ko sau ɗaya.

Har yanzu da safe in mun gaisa yakan ce, "Yaya keken?" Ba ya murmushi, ba ya kuma wucewa. Tsayawa yake yi, ni kuma in je in matsa na gaba, in matsa na baya, yana kallo, sannan in ba shi amsa.