Ranar da Tarin Kawu Ya Ƙi Fitowa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, dillalin awaki ne a kasuwar Babura, mutum mai barkwanci. Shekarar da na fara koyarwa a Roni tarin fuka ya kama shi. Ya sha magani wata da watanni, ya ɗan ji sauƙi, sai tarin ya dawo fiye da da. Ya rame har riga ta yi masa yawa.

Ni na goya shi a babur zuwa asibiti a Kazaure. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta miƙa masa 'yar roba mai murfi, ta ce, "Baba, don Allah a je gindin bishiyar can a yi tari, a tofa kakin a ciki."

Muka je. Kawu ya yi gyaran murya, ya bubbuga ƙirji, shiru. Ya dube ni ya ce, "Ka ga ɗan banza ko? A gida ya hana kowa sakat, yau da ake nemansa ya ɓuya." Na ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya kama, dariyar nan ce ta tono tarin. Muka samu abin da muke nema.

Ta taga na hango na'urar da aka sa kakin a ciki, ko ƙaramin akwati ba ta kai ba. Kafin la'asar likita ya kira mu. Ya ce na'urar ta gano ƙwayar cutar, ta kuma nuna cewa irin wadda ba ta jin maganin farko ce. A da, in ji shi, sai an aika da kaki wani gari a yi makonni ana jira.

Kawu kuwa ya ce, "Taurin kai gare ta ke nan? To, likita, ta zo gidan da aka fi ta."

Aka sauya masa magani, aka gwada mutanen gidansa, duk lafiya lau. Sabon maganin ya wahalar da shi, har fatarsa ta yi duhu, amma bai taɓa tsallake rana ba.

Da kaka ta kewayo na kai masa ziyara, na tarar ya tafi kasuwa tun safe. Matarsa ta kawo mini ruwa tana ƙorafi, wai yanzu ƙwaryar fura ɗaya ba ta isar sa.