Baƙin Mai a Robar Birki

Shekarar da aka hana hawa babur a wajenmu, ina da tsofaffin kekuna jibge a bayan shago, sun yi tsatsa har na daina ɗaukarsu a matsayin kaya. Da faci na fara a bakin kasuwar Birnin Gwari, na koma sayar da kekuna na hannu, da kowa ya koma babur ni ma na bi. Sai doka ta zo saboda mutanen daji, aka ce kowa ya ajiye mashin. Kafin wani lokaci manoma sun kwashe kekunan nan tas, har da waɗanda na ware wa 'yan gwangwan.

Duk wanda ya saya, kafin ya hau sai ya ce in cire masa ƙararrawa. Ƙararrawa takan kaɗa da kanta in an shiga gargada, kuma a hanyar gona ba mai son a ji tahowarsa. Bayan ita sai jan gilashin baya, wai yana ƙyalli in rana ta buge shi. Ni da nake yi wa keke talla da zaƙin ƙararrawarsa, na wayi gari da bokiti cike da su a ƙarƙashin benci.

Yayana manomi ne, gonarsa tana ta wajen Kakangi. A shekarar masararsa ta yi kyau, kuma ita ce abincin gidansa har wata damina. Babu motar da za ta shiga ta ɗauko, babu babur. Sai dai ya je da sassafe ya karya, ya ɗauro rabin buhu a kariyar keke, ya dawo kafin rana ta yi tsaka. Ni na ba shi keken, mafi ƙwari a cikin waɗanda nake da su.

Wata ranar ya turo shi shago, ya jingina a jikin benci.

"Kai mai kekuna, wannan abin naka zai sa a kama ni."

"Me ya yi, Yaya?"

"Birki. In na matse shi a gangarar nan sai ya yi ta ihu kamar akuyar da aka taka. Jiya har tsuntsaye suka tashi. Ɗan ɗiga mini baƙin mai a robar."

Na san gangarar. Hanyar gonarsa tana saukowa ne daga tudu ta faɗo kan kwalta kai tsaye, ciyawa ta rufe dama da hagu, ba ka ganin abin da ke tahowa sai ka fito. Motoci kuwa a lokacin ba sa bin hanyar Kaduna ɗaiɗai. Sai sun taru an yi musu rakiya, su taho a ayari, ba wanda ya san lokacin wucewarsu. Direbobin ba sa taka birki, don kowa ya san abin da tsayawa a dajin nan ke jawowa. Tsakiyar titi duk ramuka, saboda haka ta gefe suke bi, nan inda mai keke ke raɓawa.

Na ce, "In na sa mai, birki ya tashi daga aiki. Robar ce ta bushe. Na aika a kawo sababbi, suna Kaduna suna jiran ayari."

"Masarar ma ta jira ayari?"

"To ka riƙa sauka kana turawa a gangarar."

"Da rabin buhu, a fili, ina tafe kamar mai rakiyar amarya? Kai da kake zaune a inuwa kana kaɗa ƙafa. Tun kana yawo ba wando nake hawan keke."

"Ai shi ya sa gwiwarka ta fi keken ƙara."

Ya yi dariya, amma ya ɗauki kekensa. Ban ɗiga man ba, kuma na ji daɗin kaina a ranar. Abin da ban yi ba shi ne in karɓe keken in ba shi wani, ko in ciro roba daga nawa in sa masa. Na san halinsa sarai. Yana isa gida ya samu ragowar man da yake zuba wa babur ɗinsa, ya shafa da tsinken tsintsiya. Ba shi kaɗai ba ne, daga baya na gane rabin manoman da na sayar wa haka suka yi. Sun ce ƙafa ta isa birki.

Kwana huɗu ƙafar ta isa. A na biyar ya sauko gangarar da lodi, ya ji ƙugin motoci yana tsakiya. Ya matse birki, hannun birkin ya shige har ƙarshe, keke bai ko rage ba. Ya ja ƙafa, takalmin ya fita. Ya ce abin da ya rage masa biyu ne, kwalta ko ramin kwalbati, sai ya karya kan keken ya faɗa ramin. Motocin suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Ban zargi kowa ba, da ni ke tuƙi ban san abin da zan yi ba.

Wasu manoma biyu suka tsince shi, suka ɗora shi a kariya suka turo har gari. Ƙashin cinya ne ya karye. Ina wajen mai ɗori aka aiko mini cewa kayana sun iso tasha. Kwalin robar birki a cikin ayarin nan ya zo.

Da zafin ya lafa, bai tambayi ƙafarsa ba.

"Masarar fa?"

"Ni zan je, Yaya."

"Kai? Ka san hanyar gona kuwa, Alhajin benci?"

Na miƙe wilin keken, na wanke man da kananzir, na sa sabuwar roba gaba da baya. Washegari na bi ayarin masu kekuna muka fita. Mu kusan goma, ba mai magana, ba ka jin komai sai tayoyi a kan yashi. Ina karyar masara, ko ganye ya motsa sai na waiwaya. Na ɗaure buhu na kamo hanya.

A bakin gangarar na matse birki. Sabuwar roba ce, ta kama da kyau, amma ƙarfen wilin ya tsufa, sai ta saki wata ƙara da na ji ta tafi can cikin daji ta dawo. Na saki birkin ban sani ba. Keke ya ɗauki gudu, na sake matsewa, ya sake ihu. Wanda ke gabana ya waiwayo ya harare ni. Na sauka na tura har na taka kwalta. A nan ma sai da na tsaya na kasa kunne ko akwai motoci.

Sawu shida na yi. Ranar na bakwai muka tarar da mutane suna dawowa, suka ce an ga sawun babura a bakin rafi, kada kowa ya shiga. Muka jira kwana uku, muka jira sati. Sauran masarar tana can, ban san wanda ya ci ba.

Na je na faɗa wa Yaya yana kwance a zaure, ƙafa a ɗaure da kara. Ya dubi buhunan da na jera a jikin bango.

"Ba za ta kai damina ba," ya ce.

"Na sani."

"Birkin ya yi ihu?"

"Ya yi."

"Ka shafa?"

Na ce ban shafa ba. Gaskiya ne. Amma tun sawu na biyu akwai 'yar kwalbar baƙin mai a aljihuna, kuma kullum na iso bakin gangarar sai na taɓa ta.