Buhun Takardun Baba Almu

Baba Almu bai iya karatu ba, ban da surorin da yake salla da su, amma da wuya a samu wanda ya kai shi ganin girman rubutu a duk unguwar Agege ta Legas. Shekara arba'in ya yi yana dakon tumatir a kasuwar Mile 12, har wuyansa ya sandare, in zai waiwaya sai ya juyo gaba ɗaya. Wata damina, yana saurayi, da kwando a ka, ya taka wata takarda a cikin taɓo. Sai da ya ɗaga ƙafa ya ga Bisimilla a jikinta, ita kaɗai ce rubutun da idonsa ya sani. Mai kaya a ka ba ya sunkuyawa. Kafin ya sauke ya dawo, ƙafafun jama'a sun dama ta. A ranar ya yi wa Allah alkawari cewa sunansa ba zai ƙara kwana a bola ba, muddin shi Almu yana gani.

Tun daga nan yake tsintuwa: katin ɗaurin aure, tsohuwar kalanda, yagaggen shafin littafin Islamiyya. Da yake ba ya bambancewa, duk abin da ke da Larabci a jiki nasa ne, har kwalin dabino da na turare. In aka tsokane shi, "Baba, wannan fa sunan kamfanin shayi ne," sai ya ce, "Kai ka tabbata. Ni ban tabbata ba." Kowace Juma'a bayan la'asar yakan ƙona su a wani daro da ya keɓe, ya zuba tokar a gindin bishiyar masallaci, inda ƙasar da siminti ya rage ba ta fi faifai ba.

Rabonsa da ƙauyensu a ƙasar Kura shekara goma sha tara. Ƙanwarsa Mero ta yi aike har ta gaji, amsarsa ɗaya: in ya tafi, wa zai tsince su? Gaskiya ne, amma ba duka ba. Kunya yake ji ya koma da sandararren wuya, hannu rabbana.

Sai ga duba-gari sun zagayo, liman ya sanar bayan Juma'a cewa an hana ƙona shara a gida ko a titi, kowa ya ƙulle tasa ya jira mota. Babu wanda ya kai Baba Almu gyaɗa jiki don yarda, domin hayaƙin taya da leda ya daɗe yana ci masa rai. Ko kusa bai kawo cewa da shi ake ba. Wutarsa ai ba ta shara ba ce, kuma wa ya isa ya kira abin da ke cikin daronsa shara?

Abin da bai lura ba shi ne takarda ta sauya. Katunan yanzu sheƙi suke yi, an lulluɓe su da leda, in suka kama wuta baƙin hayaƙi suke fitarwa mai kama wuya. A Juma'a ta uku bayan sanarwar, yana cikin ƙonawa, ya juyo ya ga Kalsum, telar da ke ɗakin kusa da nasa, haifaffiyar Legas mai ciwon asma, zaune a ƙasa bakin ƙofarta tana danna maganin shaƙa, idanunta sun firfito.

"Me ya same ki, 'yata?"

Sai da numfashi ya dawo ta amsa. "Baba, e ma binu, ka yi haƙuri. Na san mene ne a ciki, shi ya sa ban taɓa magana ba. Amma wallahi ƙirjina bai san me aka rubuta ba."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu kenan. Duk Juma'a."

Ya tsaya da sandar tona wuta a hannu, ya rasa inda zai sa kansa. Ruwan alwalarsa ya kwara wa wutar, abin da bai taɓa yi ba, kuma ransa ya yi matuƙar ɓaci.

Wuta ta tsaya, tsintuwa ba ta tsaya ba. Cikin wata biyu buhu ya cika. Liman ya ce binnewa a wuri mai tsarki ya halatta, to amma ina wurin? Ko'ina siminti, inda babu siminti kwata ce. Motar shara takan tsaya a bakin layi, shi kuwa ya kau da jiki kamar an zage shi.

Shitu, wani direban tumatir da ya san shi tun yana dako, shi ya ji labari ya yi dariya. "Baba, mu fa fayau muke komawa Arewa. Ƙasa kuma ai ba ta ƙare a Kura ba."

Baba Almu ya ɗinke bakin buhun da kansa, ya hana a sa shi a bayan mota inda ake takawa, ya kwatanta kusurwar gabas ta gonar mahaifinsu sau uku.

Bayan mako biyu Shitu ya dawo. "Inna Mero ta binne da hannunta, Baba. Ta yi kuka. Ta ce in tambaye ka, takardun da ka tsinta a titi ka nema musu ƙasar gida su kwanta, kai kuma a ina kake so a sa ka?"

Washegari Baba Almu ya kafa ƙusa a bakin zaure, ya rataye jaka don duk wanda ya tsinci irin takardun ya saka, ya roƙi Kalsum ta riƙa dubawa. Da buhu na biyu ya cika, ya kai wa Shitu, amma bai sake shi ba.

"Kujerar gaban nan," ya ce, "tana ɗaukar buhu da mutum?"